Tarkacen ɗaki: mun kwashe, ya dawo, mun sake kwashewa

A wannan karo ba maganar bashi ko riba muka kawo ba. Magana ce wadda kowace ɗayanmu ta sani, amma ba mu cika son a ɗaga ta a taro ba, domin tana taɓa sirrin ɗaki. Maganar tarkace ce, wato shirgin nan da ke ƙarƙashin gado da bayan ƙofa da saman kabad, wanda muke kwashewa ana gobe Salla, kafin wata biyu ya dawo kamar ba a taɓa sa mishi hannu ba.

Abin da ya sa muka fara zancen a ƙungiyarmu, takarda ce guda ɗaya. Ɗiyar wata ƴar ƙungiya ta kai ajin da za ta yi jarrabawar BEPC, lakkwal ta ce a kawo takardar haihuwa. Uwar ta san takardar tana cikin ɗaki, ta rantse da hannunta ta ajiye. Kwana uku tana fidda kaya tsakar gida, ta zazzage akwati, ta kwance buhuna, ta ɗaga katifa, ba ta gani ba. Ƙarshe dai sai da maigidan ya bar aikinsa ya yi ta zirga-zirga da shaidu don a yi wata takarda a madadinta, ita kuma ta ci bashin asusu ta biya kuɗin mota da na takardu. Bashin da ta yi niyyar ɗauka don sarin gyaɗa, shi ya tafi a nan. Bayan damina ta wuce, tana neman murfin wata kwalla, sai ga takardar a naɗe cikin tsohuwar leda, tsakanin kwanoni biyu da ba ta buɗe ba tun haihuwar autanta. Gara ta riga ta cinye gefen da ke da hatimi.

Ranar da ta ba mu labari mun yi dariya, ita ma ta yi. Sai dai dariyar ba ta yi nisa ba, don ɗaya bayan ɗaya kowa ta fara fito da nata. Wannan katin awon ciki ne ya ɓace mata, ta ji kunyar komawa likita ba shi. Waccan ta tsinci jikka biyar a aljihun tsohuwar riga bayan ta gama rigima da kishiyarta a kan kuɗin, har an yi wata guda ba a gaisawa. Wata kuma turmin atamfa biyu ta ɓoye tun ɗiyarta tana goye, ranar da ta buɗe don haɗa kayan aure ta tarar kusu ya yi gida a ciki. Mu da muke riƙe da alƙalamin nan ba mu tsira ba, za mu zo kan namu.

Ba ƙazanta ba ce

Abu na farko da muke so a fahimta: matar da ɗakinta ya cika da komatsai ba lalle ba ne ƙazama ce ko raguwa. Da yawa cikinmu kullum sai mun share tsakar gida sau biyu, tukunya ba ta kwana da ƙanzo, yara suna fita tsaf. Wurin da muke kasawa shi ne rabuwa da abu. Kuma in muka duba inda muka fito, ba abin mamaki ba ne.

Iyayenmu sun ga yunwar 1984, wadda a nan ake ce wa El Buhari saboda a lokacin ne aka rufe iyakar Najeriya. Wasunmu suna goye, wasu ba a haife su ba, amma duk mun tashi da labarinta a kunne. Muna ƴan mata a watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa, kuɗin da ke ƙulle a bakin zane ya kwana ya tashi da rabin ƙarfinsa a gaban kayan waje, amma wadda ta sa nata a kwano ko atamfa ta ga kayanta sun ƙara tsada. A 2005 kuwa muna ɗakunanmu na aure, da idonmu muka ga yadda tiyar hatsi ta gagari mutane a Maradi da Damagaram da Tawa, muka ga mata suna fidda kwalla da tasa suna kaiwa kasuwa don a samu abin sa wa a baki. Kwanan nan ma, a 2019 da 2023, an sake rufe iyaka, abin da kike saye jiya da sauƙi yau babu shi ko ya ninka. Wadda ta ga wannan duka, in ka ce mata ta jefar da gwangwanin madara sai ta dube ka kamar ka zauce. A ranta tana cewa wata rana zai yi amfani. Kuma gaskiyarta, sau da yawa ya yi.

Sannan ga jere. Kwanonin da uwa take tara wa ɗiyarta ba ado kaɗai ba ne. Dukiyar mace ce ta kanta, wadda miji ba shi da iko a kai, in aure ya mutu da ita za ta fita, in yunwa ta zo ita za ta sayar. Kafin a fara asusun Mata Masu Dubara a jihar Maradi a 1991, bankin mace shi ne kwanonta da akuyarta da zanenta. Saboda haka ba za mu zo yau mu ce wa kowa jere shirme ne ba. Abin da muke cewa shi ne, hannun da ya saba tara abu mai daraja ba ya tsayawa a nan. Yana tara kwalla mai kyau, yana tara wadda ta huje, yana tara murfin da ba a san tukunyarsa ba, da takalmi ƙafa ɗaya, da wayar salula da ta mutu shekara huɗu, da cajarta, da kwalin da aka sayo ta a ciki. A haka dukiya da shara suke cakuɗewa, har mai ɗakin ta kasa bambanta su.

Ga kuma ƙuncin wuri. Maza da ke mana faɗa a kan shirgi su tuna cewa ɗaki ɗaya ne aka ba mu. Nan ne wurin kwana, nan ne rumbu, nan ne shago. Mai ƙuli-ƙuli a nan take ajiye buhun gyaɗa da jarkokin mai, mai kayan koli a nan take jibge hajarta, kuma a gidan da ake da yawa ba kowa ke yarda ta bar ko ludayi a madafa ba. A kan wannan sai a ƙara ajiyar mutane: ƙane ya tafi ci-rani Libiya ko Aljeriya ya bar akwati biyu, ɗan miji ya tafi Legas ya bar kekensa marar taya, wata ƴar uwa ta yi yaji ta kawo kayanta ta koma ba ta ɗauka ba. Shekara biyar ana kwana da kayan da ba a isa a taɓa ba.

Abin da yake ci mana

Da a ce ido kaɗai tarkace ke damu, da mun bar maganar. Amma yana cin kuɗi, yana cin lafiya. Duk wadda ta taɓa sayen almakashi ko tocila sau uku saboda na farko sun nutse cikin kaya ta san haka. Lokaci ma kuɗi ne: safiyar da kika ɓata kina neman ma'auni, mai sayen mai ta wuce gidan maƙwabciya.

Ta fannin lafiya abin ya fi ba mu tsoro. Sauro yana son duhu da tufafin da aka rataya aka manta, nan yake laɓewa da rana. Tsofaffin tayoyi da gwangwanaye da fasassun robobi da ke bayan ɗaki suna tara ruwan sama, sauro ya ƙyanƙyashe a ciki. Mun shiga ɗakuna da dama inda gidan sauro yake nan sabo, an karɓo shi kyauta, amma ba a ɗaura ba, ko an ɗaura ba ya soƙuwa ƙarƙashin katifa saboda rabin gadon kaya ne. A watan Agusta da Satumba, lokacin da zazzaɓi ke kwantar da yara, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kunama kuwa ba sai mun gaya muku inda take kwana ba. Kyankyaso da kuɗin cizo da kusu duk abokan shirgi ne.

Akwai wanda ya fi waɗannan haɗari, kuma muna roƙo ko ba ki yi komai daga cikin abin da ke takardar nan ba, ki yi wannan ɗaya yau. Ki nemo duk wani magani da guba da ke ɗakinki. Ragowar ƙwayoyin da aka rubuta wa wani bara, piya-piya da aka ɗura a kwalbar lemo, maganin kusu a ƙullin leda, ƙwayar da ake sa wa buhun wake, kananzir ko man fetur a gorar ruwa. Yaro mai rarrafe ba ya karatu, abin da ya gani a kwalbar lemo lemo ne. Guba ta fita daga ɗakin kwana ta koma wuri mai tsawo ko mai makulli, kuma kada a sake zuba ta a mazubin abin sha. Wake kuwa, buhun PICS mai ninki uku yana riƙe shi ba tare da an sa ƙwaya ba, in dai an ɗaure kowane ninki da kyau. Ga hunturu yana tafe, lokacin da ake shiga da garwashi ɗaki. Tartsatsi ɗaya a kan tulin tsumma da leda ya isa.

Daminar 2024 ma ta koya mana wani abu. Ruwan da ya rusa gidaje a Maradi da Damagaram, har tsohon masallacin Birni ya faɗi, bai ba kowa lokacin bincike ba. Wadda takardunta da ɗan kuɗinta suke wuri ɗaya ta sura ta fita da yara. Wadda nata ke warwatse cikin buhu goma ta fita hannu biyu.

Gayyar da ta ɓaci

Da muka gane matsalar ta kowa ce, sai muka yi irin abin da muka saba: gayya. Muka zaɓi ɗakin wata dattijuwar ƴar ƙungiya wadda kowa ya san nata ya fi yawa, muka je mu goma sha, da tsintsiya da buhuna. Ta yi mana maraba, ta dama fura. Kafin azahar mun fidda komai, mun share, mun yayyafa ruwa, mun ƙona abin da muka ga ba shi da amfani, mun mayar da sauran a jere. Ɗaki ya yi fes, muka yi guɗa, muka tafi muna yabon kanmu.

Mako uku ba ta zo taro ba, zubinta ma aike take yi. Da muka je gaishe ta, sai jikarta ta gaya mana cewa cikin tsummokaran da muka ƙona akwai ɗankwalin mahaifiyarta, da wata ƴar riga ta ɗanta da ya rasu yana ƙarami. Mu tsumma muka gani. Ba ta hana mu ba a ranar saboda kunya, tana tsaye tana kallo muna jefawa a wuta. Mun ba ta haƙuri, ta ce ba komai, amma har yau in muka tuna sai jikinmu ya yi sanyi. Kuma abin da zai ba ku mamaki, kafin wata uku ɗakin ya koma yadda yake, har ya fi. Kamar ma tana tarawa da sauri don ta cike gurbin abin da aka raba ta da shi.

Daga nan muka kafa doka ta farko, wadda ba mu sake karyawa ba: ba mai jefar da kayan wata. Ko leda ce, mai ita ce za ta ɗauka da hannunta ta sa a buhun shara.

Mun kuma gwada tara, tunda ita ke tsayar mana da masu makara. Muka ce duk wadda aka zo dubawa aka tarar ɗakinta a hargitse za ta biya dala ashirin. Wannan ma bai yi ba. Abin da ya haifar shi ne ƙarya da ɓoyo. Ana cewa masu dubawa suna tafe, sai a tattara komai a zuba a buhu a tura ɗakin maƙwabciya, suna fita a dawo da shi. Har suna muka ba shi, buhun kunya. Wasu kuma suka fara cewa ba su shiga asusu don a riƙa leƙa musu ƙarƙashin gado ba, kuma suna da gaskiya. Muka soke tarar tun kafin ta raba mu.

Me ya sa yake dawowa?

Mun daɗe muna ɗauka cewa komawar tarkace rashin himma ne. Sai wata rana ma'ajiyarmu, wadda kanta ke ja a lissafi, ta kwatanta mana shi da akwatin asusu. Ta ce in abin da ke shiga ya fi abin da ke fita, dole akwati ya cika, ko wace ce ke riƙe da shi. Mu kuwa fitarwa muke yi sau biyu a shekara, ƙaramar Salla da babba, shigarwa kuma kullum.

Muka zauna muka lissafa ƙofofin da kaya ke shigowa. Kasuwa ce ta farko: tumatir leda, tattasai leda, gishirin dala biyar ma leda. Tun 2014 aka yi dokar hana irin wannan ledar marar kauri a Nijar, amma ku da kanku kun san abin da ke rataye a itatuwan garinku, kun kuma san abin da mahauta ke fiddawa daga tumbin akuya. Ta biyu biki da suna: anko, da robobi da bokitai da kofuna da ake rabawa, kowane da hoton amarya. Ta uku araha, wato gwanjon da aka zube a bakin hanya, kin sayi riga uku don kawai kuɗin bai kai ya kawo ba, ba wanda ya sa ko ɗaya. Ta huɗu kayan yara da suka yi musu kaɗan, ana ajiye wa ƙane, ƙanen ya zo a manta inda aka sa, a sayi sabo.

Bayan ƙofofin shiga akwai lokutan da hannu ke sakewa. Mun lura kusan kowa a lokaci iri ɗaya take zamewa: laulayin ciki, jego, jinyar yaro ko ta tsohuwa, noma da girbi, azumi, rasuwa. A irin wannan lokaci ba mai ƙarfin ninke zane. Sati biyu sun isa kaya su hau kan kujera, daga kujera su gangaro gado. In ƙarfi ya dawo kuma sai ki dubi tulin ki ji ya fi ƙarfinki, ki ce sai ranar da na samu wuni guda cur. Wannan ranar ba ta zuwa. Sai kunya ta shigo, ki daina barin baƙi su wuce zaure, ki saki labule, kuma abin da ido ba ya gani ƙaruwa yake yi.

Abin da ya ɗan kama mana

Ba mu ce mun samu magani ba. Amma akwai abubuwan da muka ga sun fi gayya da tara daɗewa.

Mun haɗa kanmu biyu-biyu, kowa ta zaɓi wadda ba ta jin kunyarta. Sau ɗaya a mako abokiyar takan zo bayan la'asar, ta zauna a bakin ƙofa. Ba ta taɓa komai. Aikinta hira da tambaya: yaushe rabonki da amfani da wannan? In ya ɓace za ki saya wani? Mai ɗaki ta zaɓi lungu ɗaya tak, ko akwati ɗaya, ko kwalla ɗaya, ba ɗaki duka ba. Kafin kiran magariba an tashi, ko an gama ko ba a gama ba. Mako mai zuwa a je ɗakin ɗayar. Da farko wasu sun raina abin, suna cewa a haka sai shekara ta zagayo. To shekarar ta zagayo, kuma ɗakunan da aka bi a hankali su ne har yanzu ake iya shimfiɗa tabarma a ciki.

Takardu muka fara da su. Kowace ta samu gwangwani mai murfi ko ƙaramin akwatin ƙarfe, don gara da kusu ba su huda ƙarfe. A ciki: takardun haihuwa, katin ɗan ƙasa, katin awo da na rigakafin yara, takardar fili ko ta gona, da ɗan littafin zubi. Ba a sa komai ban da takarda, ko allura. Wurinsa ɗaya, sama, kusa da ƙofa, kuma babbar ɗiya ko wani amintacce ya san wurin. Masu babbar waya sun ɗauki hoton kowace takarda. Waɗanda ba su yi karatu ba, mu da muka yi yaƙi da jahilci muka zauna da su muka karanta musu kowace, don mun tarar wasu suna adana takardar talla da rasiɗin da ya shekara goma, takardar gona kuwa an naɗe daddawa da ita.

Sauran kaya kashi uku muke yi, na amfani, na sayarwa ko bayarwa, da na zubarwa. Amma wanda ya fi taimako shi ne na huɗu, da muka ƙara daga baya saboda masu taurin rabuwa: buhun sai na yi shawara. Duk abin da zuciya ta ƙi saki a sa shi nan, a ɗaure, a rubuta watan a jiki. Ba a buɗewa sai ranar rabon asusu. In ranar ta zo ba ki taɓa neman komai a ciki ba, kin samu amsarki. Yawanci ma mai buhun ba ta iya faɗin abin da ke ciki kafin a kwance. Kayan mamaci kuwa ba su shiga wannan lissafi. Abin da yake na gado a kai wa masu rabo, abin tunawa kuma mai shi ta zaɓi ɗaya ko biyu, ta wanke, ta ninke, ta ba su wuri mai mutunci maimakon su ruɓe cikin tsumma.

Ranar rabo muna buɗe ƴar kasuwa a gidan da muke taro. Murfin da ba ki da tukunyarsa, wata tana da tukunyar ba murfi. Kayan jariri suna tafiya wurin mai tsohon ciki. Fasassun tukwanen dalma da ƙarafa ana tara su wuri ɗaya a kira masu saye, sun fi ba da kuɗin kirki in kayan suna da yawa. Abin da kowa ta samu nata ne, amma da yawa a nan take suke zuba shi a asusu. Kuɗin ba su da yawa, kada a ce mun ce za a yi arziki. Daɗin abin shi ne ganin kayanki a hannun wadda za ta more shi. Mun gane cewa yawancinmu ba rowa ke hana mu saki ba, tsoron almubazzaranci ne. In an san inda abu zai je, hannu yana buɗewa.

Manyan tukwanen biki da tabarmi da bahuna, ƙungiya ta saya nata. Mai hidima ta ɗauka ta biya kaɗan, ba sai kowa ta ajiye tukunyar da ake ɗorawa sau ɗaya a shekara ba. Ajiyar mutane kuma, mun koyi buga waya cikin ladabi: yaya, kayanka suna nan lafiya, amma gara ta fara shiga, wa za mu ba ya ajiye maka, ko a sayar a turo maka kuɗin? Da yawa sun manta ma sun bar wani abu.

Maganar anko ce ta fi zafi, har yau ba mu gama ta ba. Mun yi shawara cewa a cikin ƙungiya anko ɗaya za a yi a shekara, a riƙa sa shi a duk bikin ƴar ƙungiya. An yarda a baki. Da bikin ɗiyar ɗaya daga cikin manyanmu ya zo, sai ga sabon zane an fitar, kuma duk muka saya, har da mu masu kawo shawarar. Wa zai so a ce shi kaɗai ya ƙi? Mun bar ta a nan tukuna.

Wadda nata ya wuce haka

Akwai kaɗan daga cikinmu da abin nasu ya wuce na kowa. Za ki ga ba wurin kwanciya, ƙofa ba ta buɗuwa duka, tana tsinto abubuwa daga bola, in aka taɓa ko ƙyalle sai jikinta ya ɗauki rawa ko ta fashe da kuka. Wannan ba taurin kai ba ne, ba kuma abin tsegumi ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin wannan tarin kaya cikin jerin cututtukan da ta sani, a kundinta da ya fara aiki a 2022. Kwashe mata kaya da ƙarfi ba ya warkar da ita, mun gani da idonmu. Haka kuma macen da a da take tsaf, sai bayan haihuwa ko rasuwa ko saki ta saki komai, ba ta wanka, ba ta son magana, ba ta barci, ɗakinta alama ce kawai, ciwon yana zuciya. Irin wannan ba tsintsiya za a kai mata ba. A zauna da ita, a ɗauke mata wani aikin, a raka ta likita ta yi magana da ma'aikaciyar lafiya. In akwai abin da za a gyara da gaggawa, a tsaya kan na haɗari: hanyar fita, wuta, guba, da wurin kwanan yara.

Mun ce za mu zo kan namu. Mu da muke tsayawa gaban taro muna faɗin duk wannan, bara ɗakinmu ya zama abin kwatance, har daga wata ƙungiya aka zo gani. Sai uwar maigida ta kwanta ciwo, aka dawo da ita wurinmu da kayanta, wata huɗu muna jinya. Allah ya ba ta sauƙi ta koma gida, ta bar rabin kayan. Girbi ya shigo, buhunan wake suka shiga bayan ƙofa. Makon jiya abokiyar zamanmu ta la'asar ta zo, muka tsaya a zaure muna ja mata hira don kada ta shiga. Ta gane, ta yi dariya, ta ɗage labule da kanta ta zauna a bakin ƙofa inda ta saba. Ƙarƙashin gado ya cika taf, buhun kunya har biyu. Gwangwanin takardu kaɗai ne yake inda muka bar shi. A ranar kwalla ɗaya muka iya, muka fidda ledoji da murafe da wani makulli da ba mu san ƙofarsa ba, ladan ya kira magariba muka tashi. Ta ce za ta dawo ranar Talata, mu fara da bayan ƙofa.